Gonar Tchima a McLeansville

Duk ɗan Nijar ɗin da ya zauna a Greensboro a shekarun dubu biyu da 'yan kai, in dai ya sha miyar ɗanyar yakuwa, ba busasshiya ta cikin leda ba, to daga hannun Tchima ta fito, ko ya sani ko bai sani ba. Mace ce gajeriya mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana a taro, amma in ta kafe a kan abu sai dai a ƙyale ta. Aikinta na albashi ninke zannuwan gado ne a ɗakin wanki na wani otal da ke bakin titin Wendover. A bakin mutane kuwa sunanta Tchima mai gona, kuma har yau wasu suna kiranta haka, sai dai ba a gabanta ba.

An haife ta a wani ƙauye arewa da Dakoro, ƙauyen da kakanta ya sara da gatarinsa. Tun tana ƙarama take jin labarin yadda ya taso daga kudu da jaki guda da iyalinsa, ya sauka inda babu komai sai ƙaya da kuraye, ya gina rijiya, ya yi sassabe, mutane suka yi ta biyo shi har wurin ya zama gari. Dokar da ta tashi da ita ke nan, cewa daji na wanda ya sare shi ne. Akwai ta biyu, wadda kowane yaro ya sani a can. In aka ba ka aron gona, ka shuka geronka da wakenka, ka kai wa mai ita dami in kaka ta yi don a riƙa tuna ko ta wace ce, amma kada ka kuskura ka dasa itace. Itace shaida ne. Ranar da mai gona ya ce maka ka dasa, ya kuma ce ka daina kawo damin, to ya ba ka ita ke nan har abada.

Mijinta Mahamane ne ya fara zuwa Amurka. Ya sauka a gidan Alhaji Lawal, wani attajirin ƙasarsu mai sayen tsofaffin motoci yana aikawa Kwatano, kuma Alhajin ne ya sama masa aiki a wani babban sito. Bayan 'yan shekaru Tchima ta iso da 'yarsu Aissa, ta baro ɗanta na fari wurin kakarsa. Aka sa ta a gidan haya na sama, tagarta tana kallon wurin ajiye motoci. Shekararta ta farko da baƙin ciki ta yi ta. Ko'ina kwalta ne, in kuma an ga ciyawa to ta ado ce, ba a taɓa ta. Ta yanke wa mutanen ƙasar hukunci cewa ba su da jiya, a cikin mota aka haife su, a cikinta za su mutu.

Turanci kuwa ya ƙi ta. Abin da ta iya bai wuce na gaisuwa da na ɗakin wanki ba. Asibiti, makaranta, wayar mai gidan haya, duk ta bakin Aissa take jin su, don yarinyar cikin 'yan watanni ta kwashe harshen kamar da shi aka haife ta. Tchima ba ta taɓa tunanin a sake duba mata abin da Aissa ta fassara ba.

Ran Lahadi take yi wa Aissa kitso. Yarinyar takan zauna tsakanin gwiwoyinta da littafi don ta manta da zafin jan gashi. Wata rana Tchima ta leƙa ta saman kanta ta ga zanen wani mutum an ɗaura masa igiya a ƙugu ana zura shi cikin rami.

"Wanga mi yake yi a nan?"

"Rijiya yake ginawa, Mama."

"Bature?"

"Bature. Tsohon littafi ne, daga laburaren lakol, inda muke karatu, na aro shi."

"Hwaɗa mini abin da yac ce."

Daga ranar kitson Lahadi ya koma zaman labari. Littattafan da yawa ne, irin waɗanda yaran ƙasar suka gada tun kakanninsu, bangonsu duk ya ƙoƙe. Labarin iyalai ne da suke lafta kayansu a keken doki mai rufin tamfol su nausa yamma, su sauka a daji, uba ya sare itatuwa ya jera gumagumai ya yi ɗaki, uwa ta kaɗa nono ta dafa sabulu, fara ta zo ta cinye gonar tas, a sake shuka. Aissa takan karanta shafi da Turanci ta juyo shi da Hausa, Tchima kuma tana sa baki. Ta yi faɗa da wani uban da ba ya iya zama wuri ɗaya, ta ce wannan ko a garinsu ba za a ba shi mata ta biyu ba. Ta yaba wa wata uwar da ta ɓoye iri a lokacin yunwa ta ƙi bari a dafa. Da aka zo kan fara, hannunta ya tsaya cikin gashin yarinyar, don ta ga irinta da idonta tana budurwa. Su littattafan da labarin kakanta sun yi kama har a wurin da suke yin shiru, don babu wanda ya cika son maganar mutanen da aka tarar a dajin, amma wannan bai dami Tchima ba a lokacin.

Abin da ya fi shiga ranta shi ne inda aka ce hukuma takan bar wa mutum fili in ya sare shi ya zauna a kai yana nomawa. Ta sa aka maimaita mata.

"Gaskiya ne ko tatsuniya?"

"Malamarmu ta ce gaskiya ne. Amma da can can ne, Mama."

Rabin farko na amsar Tchima ta riƙe, rabin ƙarshe ta bar shi ya wuce. Ashe dai mutanen nan suna da jiya, kuma jiyansu irin nata ne. Ƙasar da ke koya wa 'ya'yanta wannan a makaranta, in ji ta, ba za ta rasa mutunta mai gatari ba. A karo na farko ta ji za ta iya zama a nan.

Alhaji Lawal yana da fili a McLeansville, gabas da gari, inda yake tara motoci kafin a loda su. Gaban filin tsakuwa ne da motoci, bayansa kuwa sarƙaƙiya ce da ƙananan itatuwa da tarkacen da aka zubar tun ba a san ranar ba. Tchima ta matsa wa Mahamane sai da ya je ya roƙa mata aron bayan. Alhaji ya yi dariya ya ce in dai za ta iya da macizai, bismilla.

Ta iya. Da adda da gatari da fartanyar da aka aiko mata daga Maradi ta shiga wurin, duk ranar da ba ta da aiki. Wani ganye mai ƙaiƙayi ya kumbura mata hannuwa har ta kasa ninke zane, kaska ta sha jininta, jar lakar wurin ta karya mata ƙota ba sau ɗaya ba. Mahamane yakan kai ta ya zauna a mota yana gyangyaɗi, ya gaji daga aikin sito, ba za a ga laifinsa ba. Da ta ga jiransa yana cinye mata rana, sai ta koyi tuƙi, ita da take rufe ido in babbar mota ta wuce su. Damina ta farko barewa ta yi mata ɓarna, ta kewaye gonar da raga. Duk da haka ta samu yakuwa da kuɓewa da rama da tattasai, har da gero kunya biyu don kawai ta ga zangarniya. Da kaka ta cika kwando ta kai gidan Alhaji a Sedgefield, ta durƙusa ta ajiye, don ta nuna ta san aro aka ba ta.

A kaka ta biyu ta ga lokaci ya yi. An yi suna a gidan wani ɗan ƙasarsu, maza sun cika falo, sai ta aika Mahamane da goro ya tambayi Alhaji a gaban jama'a ko za a yarda ta dasa itace. Tana daga ƙofar kicin tana ji. Alhaji ya ɗaga murya yadda kowa zai ji alherinsa.

"Ta dasa mana. Wurin da ta hidda daga bakin macizai? Kuma ku hwaɗa mata ta bar kawo mini kwando, ita da gonarta."

Aka yi ta sa masa albarka. Babu mutum ɗaya a falon nan da bai san ma'anar wannan magana ba, kuma Alhaji da ya tashi a gidan noma ya fi kowa sani. Tchima ta koma cikin mata tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa albasa ce.

Ta sayi dashe a garka, lambun da ake sayar da ƙananan itatuwa, ita da Aissa mai yi mata ciniki. Ta dasa ɓaure, ta dasa tuffa, ta dasa wani itace na ƙasar wanda da ta ɗanɗana ɗansa ta ce ai wannan kanya ce ta yi ƙiba, sunan kuma ya bi shi a gidansu. Da sanyi takan naɗe ƙananan da tsofaffin barguna, da zafi ta yi ta jigilar ruwa a galan daga famfon gaban fili. Gonar ta zauna. Matan Nijar suka riƙa yi mata waya tun kafin kuɓewa ta yi fure, 'yan Najeriya ma suka ji labari. Sau da yawa kyauta take bayarwa. Abin da take so shi ne a ce daga gonar Tchima. Har ta fara maganar in ɗanta na gida ya zo, ga inda zai kafa ɗaki.

Wata Asabar a farkon bazarar dubu biyu da bakwai ta ɗauki dashen tattasai da ta raina a bakin taga ta tafi ita kaɗai. Tun daga titi ta ga babu motocin Alhaji ko ɗaya. An kakkafa turaku masu jan ƙyalle a jere, layinsu ya ratsa ta tsakiyar kunyoyinta. Wani Bature mai hular rana yana tsaye kusa da motarsa yana duba filin. Ya tare ta da fara'a, ya yi magana mai tsawo. Ta tsinci kalmar sayarwa, ta tsinci kalmar gidaje. Da ya ga ba ta gane sosai ba, sai ya nuna itatuwan da babban yatsa alamar yabo, ya taka zuwa ɗaya ya dafa shi.

"Kanya," in ji shi, yana murmushi kamar yaron da ya haddace darasi. Sannan ya ɗaga hannu daidai tsayin yarinya. "Your daughter. Smart girl."

Wannan kam ta gane shi sarai. Ashe 'yarta ta taɓa haɗuwa da shi a nan, ita ba ta sani ba. Ta juya ta koma mota, ba ta sauke dashen ba.

Sedgefield ta nufa da takalman gona a ƙafarta. Ta tarar da Alhaji bai daɗe da dawowa daga Kwatano ba, yana shan shayi a falo. Ta gaishe shi yadda ake gaida babba, don fushi bai taɓa hana ta gaisuwa ba.

"Alhaji, na iske turaku cikin gonata."

"Ai na zaci Mahamane ya gaya miki. Kasuwa ce ta zo, Tchima. Masu gina gidaje ne, kuma sun ga wuri a share."

"Kai kac ce in dasa. Gaban mutane."

"Na ce. To dashen ya ɓata wani abu? Bon, ki gane, wancan al'adar gida ce. Nan Amurka ce, takarda ita ka magana."

"Ranar da ka hwaɗi, a Amurka muke, Alhaji. Da Hausa ka hwaɗi, kuma ka san abin da ni ji."

Ya kau da kai ya kurɓi shayi. Ko a jikinsa. Ya ce ta yi haƙuri, zai sa a sayo mata wasu itatuwan a tukwane ta jera a barandarsu, yanzu haka ake yi. Ta dube shi, mutumin da ta yi shekaru tana sa shi cikin addu'a, ta gane tun ranar sunan ya san fili mai itatuwa ya fi sarƙaƙiya daraja. Bai yi mata ƙarya da Turanci ba, da abin da suka gada tare ya cuce ta. Ta miƙe ta yi sallama.

Mahamane bai musa ba. Yana zaune a bakin gado da kayan aiki a jikinsa, ya sunkuyar da kai. Tun cikin sanyi Alhaji ya bugo masa daga Kwatano ya ce masu saye za su zo, ya je ya zagaya da su.

"Mi zan ce mishi, Tchima? Mutumin da ya sauke ni, ya ci da ni? In ce a'a?"

"Ba ka ce mishi a'a ba, Malam. Ni fa, mi ya hana ka ce mini wani abu? Kana kallona ina raina tattasai bakin taga."

"Na rasa ta inda zan fara."

"Amma ka san ta inda za ka ɗauki ɗiyata."

Ya ce Turancinsa na sito ne, ba ya isa a yi irin wannan magana da shi, dole ya tafi da yarinyar. Ya ce shi ya hana ta faɗa, kada a ɗora mata. Tchima ta ji tausayinsa kaɗan, ta kuma raina shi da yawa, duka a lokaci guda. Shi da Alhaji maza ne, kuma ta daɗe da sanin yadda maza ke sayar da abin mace don su tsira da kunyar junansu. Wannan ciwo ne da ta san irinsa. Wanda ba ta sani ba yana ɗaya ɗakin.

Aissa tana da shekara goma sha huɗu a lokacin, ta fi uwarta tsawo. Ta ji komai ta bango. Tana zaune a kan gado ta rungume gwiwoyi, ido ya yi ja tun kafin a ce mata kanzil. Tchima ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ɗaga murya ba.

"Juya mini da Hausa. Duk abin da kika ce mishi."

"Mama, I'm sorry. Baba ya ce..."

"Na ji na babanki. Naki nake so."

Yarinyar ta fara, da irin muryar da take fassara maganar likita. Ya tambayi ko ruwa yana kwanciya, ta ce ba ya kwanciya, an yi masa hanya ta gefen yamma. Ya tambayi ƙasar, ta ce an sa mata taki shekara da shekaru, ta yi laushi. Ya tambayi itatuwan, ta zagaya da shi ɗaya bayan ɗaya, ta ce ɓauren yana 'ya'ya sosai, tuffa sai baɗi, wannan kuma a gidansu kanya ake ce masa. Ya yi dariya ya maimaita. Ya ce zai bar su a tsaye, masu sayen gida suna son itatuwa.

Duk gaskiya ne, babu kuskure ko ɗaya. Yarinyar ta san gonar ciki da bai, don a gabanta aka yi komai.

"Kin hwaɗa mishi wa ya sare wurin? Wa ya dasa?"

Aissa ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

"Ke nake tambaya."

"Bai tambaya ba, Mama."

Tchima ta gyaɗa kai. Ta san yarinya ce, ta san an sa ta ne, ta san wata biyu ke nan Aissa ba ta cin abinci sosai kuma yanzu ta gane dalili. Sanin bai rage komai ba. Bakin da ya buɗe mata ƙasar nan, ya sa ta yarda da ita, shi ne ya tallata gonarta, ya dawo gida ya ci tuwo tare da ita bai ce uffan ba. Ta ji an ci amanarta a wurin da ba ta taɓa sa tsaro ba.

Ba ta sake taka McLeansville ba. Mata suka yi ta zuwa ba ta haƙuri, wasu har da cewa ai da ma Alhaji ya yi ƙoƙari, kuma dukansu sun ci gaba da zuwa walima gidansa. Ta ci gaba da ninke zannuwa a otal. Ba ta rabu da Mahamane ba, ba ta daina yi wa Aissa komai na uwa ba, har ta yafe mata da baki ranar sallah, kuma da gaske take. Sai dai ta shiga ajin Turanci na manya da ake yi da yamma, ta zauna cikin tsofaffi 'yan ƙasashe daban-daban tana haɗa baƙaƙe da kyar, ita da ba ta taɓa zama a aji ba.

Bayan 'yan watanni likita ya kira ta a kan wani ƙullutu da aka gani a ƙirjinta, za a gaya mata sakamako. Da safe ta fito ta tarar da Aissa a bakin ƙofa ta riga ta sa takalmi, ta ƙi zuwa makaranta don ta raka ta.

"Mama, maganar likita da wuya. Ba za ki gane duka ba. Please."

Tchima ta san gaskiya ne, rabi ma da kyar za ta gane, kuma tana jin tsoro ƙwarai. Ta dubi 'yarta, ta gyara mata wuyan riga, ta ɗauki makullin mota.

"Tahi lakol," in ji ta. "Abin da na ji da kunnena ya ishe ni."